Wa Ya Shayar da Ciyawata?

"Despina, kafin ki shiga wurin Farfesa, dubi wannan."

Tobias ne, abokin aikina da ya zo taro daga Canberra, ya tare ni a bakin ƙofar ofis, ya miƙo mini wayarsa yana wani murmushi da ban taɓa so ba. Sanda nake dogarawa, ƙafata ba ta gama warkewa ba, ga takardu a hammata. Na karɓa ina tsaki.

Hoto ne daga tauraron ɗan'adam. Filin Barkly, busasshe ƙayau kamar yadda na san shi a watan Satumba. Ga ɗigon hasumiyata a tsakiya. Sai kuma daga kudu maso gabashinta...

Kore.

Kore shar, dogo, kamar an shimfiɗa ganyen ayaba a kan toka.

"Wannan fa?"

"Ni za ki tambaya? Filinki ne. Saurayinki ne mai gadinsa."

Takardun hammatata suka zube ƙasa, ban ko sunkuya ba.

Bari in koma baya kaɗan, don in ban yi ba za ku ce wace mahaukaciya ce ganin ciyawa ke kaɗa wa hanji. Sunana Despina Zaroulis, haifaffiyar Darwin ta arewacin Ostireliya, jikar Girkawan da suka gina rabin garin nan da siminti da hayaniya. Aikina awon numfashin ƙasa. Har yau Mama "aikin gwamnati" take ce wa ƙawayenta ina yi, don kunya take ji ta ce 'yarta ta yi shekara tara a jami'a ta ƙare da sauraren ciyawa. Abin kuwa ba wuya. Ciyawa in tana da rai tana shaƙar iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya. In ta bushe, ƙasa ce ke amayar da ita. Hasumiyata ƙarfe ce mai tsawon mutum uku, tana tsaye a gandun shanun Glenarrow tana shinshinar iska ba dare ba rana, tana rubuta nawa ya shiga, nawa ya fita. Su Tobias a Canberra, babban birni, sai su kwashi alƙalumana, su haɗa da hotunan sama, su buga a kwamfuta, su ce ga abin da duk filin ciyawar arewa ya shaƙa bana. Hasumiyata ita kaɗai ce tak a duk wannan faɗin. In ta yi ƙarya, rabin arewa ya yi ƙarya.

To, wata uku ke nan tana gaya mini abin da ba a taɓa ji ba. Tsakiyar rani, bayan shekara uku ana fari, wai ciyawar Barkly tana shaƙar kabon kamar damina ta sauka. Na yi tsalle da ƙafa ɗaya! Na ce lalle saiwoyinta ne suka kai ga damshin da ke can ƙarƙashin baƙar ƙasa. Na rubuta, na aika, an saka cikin lissafin ƙasa baki ɗaya, an ba ni babban fili a taron ranar Juma'a. Yau Litinin.

Tobias ya tattara mini takarduna, ya kwantar da murya. Ya ce babu ruwan saman da ke sauka a siffar harshe, wani ne ya yi ban ruwa. Ya ce amma kada in damu, ya riga ya rubuto mini wasiƙa, hannu kawai zan sa: mutanen Glenarrow sun yi wa kayan aiki zagon ƙasa da gangan. Sunana zai fita fes, a tumɓuke hasumiyar, a kai ƙarar Hamish, saurayin nawa, ni kuma in koma Canberra inda tebur ke jirana kusa da nasa. Sau biyu wannan bawan Allah ya nemi in fita cin abinci da shi, sau biyu na ce ciwon kai nake yi.

"In ba ki sa ba," ya ce, "ke ce yarinyar da ta ruɗi ƙasa guda don ba ta leƙa filinta ba. Zaɓi."

Na ƙwace wasiƙar na cusa a jaka. Ban shiga wurin Farfesa ba, mota na nufa. Ƙafar hagu ce ta karye, motar kuwa da kanta take canja giya, don haka kada wanda ya yi mini wa'azi.

Tafiyar yini guda ce da ɗoriya, kuma duk tsawonta Hamish Kinnear ne a raina.

Doka ɗaya ce a wurin hasumiya. Da rani iska daga kudu maso gabas take zuwa, abin da ke wannan gefen shi na'urar ke shinshina. Ba a ajiye mota a can, ba a hura wuta a can, ni ko tari ba na so a yi a can. Shekara uku da suka wuce, ina bisa tsani ina ɗaure waya, sai ga wani ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, irin da suke kora shanu da shi, ya zo ya dira daidai nan. Hayaƙi, ƙura, komai a hancin na'urata. Na sauko ina zazzaga masa da Turanci, da ya ƙare na koma Girkanci. Dogon mutum ya fito, ya cire hula, ya tsaya har na gama.

"Yi haƙuri, malama," ya ce. "Ban san iskar tana da mai ita ba."

Na so in ci gaba da faɗa, dariya ta ci amanata.

Na ja shi gefen arewa maso yamma, na nuna masa wani dutse, na ce in zai yi magana da ni nan zai riƙa tsayawa. Washegari ya dawo ya tsaya a kan dutsen riƙe da butar shayi. Jibi ma haka. Mutum ne da bai iya dogon zance ba, amma bai taɓa wuce kwamin shanu ba tare da ya leƙa ko da ruwa a ciki ba, ko da kuwa na maƙwabci ne. Wannan hali na fara so a wurinsa. Ashe shi zai zo ya kwantar da ni.

Iyayenmu mata kuwa, kamar sun haɗa baki. Mama ta ce duk samarin cocinmu, masu shago da masu kamfanin tayil, ban ga kowa ba sai makiyayin da ke zaune inda ko kifi ba a sayarwa. Tasa uwar, Misis Noeline Kinnear, ita ke riƙe da Glenarrow tun rasuwar mijinta. Ranar da ya kai ni gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi takalmina, ta ce, "Ke ce mai awon iskar?" Daga nan sunan ya bi ni. Ta ce wa ɗanta a gabana 'yan birni kamar hadarin Oktoba suke, su yi duhu su yi rugugi su wuce.

A barandarta akwai wani littafi mai baƙin bango, ɗaure da igiya a jikin ƙusa. Littafin ruwa. Shekara arba'in da ɗaya, kullum da safe sai ta leƙa ma'aunin ruwan sama ta rubuta abin da ya sauka, ta rubuta rijiyar da aka kunna da awannin da ta yi. Ruwa kaɗai ke shiga littafin nan. Hamish ya taɓa buɗe mini shafin ranar da aka haife shi: "Ruwa: babu." Ranar da babansa ya rasu ma haka, "Ruwa: babu," ko ɗigon tawada ba ta ƙara ba. A raina na ce wannan matar dutse ce.

A watan Mayu na karya ƙafa wajen rawa a bikin 'yar kawuna. Ku yi dariyarku, kowa ya yi. Likita ya hana ni tafiya, Hamish ya karɓi goge farantan sola na hasumiyar duk mako. A watan Yuni fararen aku suka cinye wayar kyamarar da ke nuna mini filin, na ce a bari sai na zo. A cikin satin ne aka ce mini za a rufe hasumiyar ƙarshen shekara, tunda shekara uku abu ɗaya take faɗa, a mai da ni Canberra. Na kira shi ina kuka wiwi.

"Da ma ciyawar nan za ta yi numfashi ko sau ɗaya," na ce.

Ya ce, "Bar kuka, Dess. Za ta yi."

Bayan sati uku alƙaluma suka juya. Ni kuma, uwar 'yan ilimi, ban haɗa biyu da biyu ba.

Da hantsin Talata na isa. Tun daga ƙofar shinge na hango shi, kore har yana ɗaukar ido, tsuntsaye na ta shawagi a kai. Ga baƙin bututu ya taho tun daga rijiya ta tara, an huda shi an huda, an shimfiɗa shi daidai gefen da na ce ko tari kada a yi. Wallahi aiki ne mai kyau, na wanda ya san hannunsa. Na tsaya cikin ciyawa har gwiwa, ƙamshinta na dukan hancina, hawaye na zuba.

Hamish ya hango ƙurar motata daga cikin jirginsa, ya sauka can nesa, ya taho da gudu. Sai da ya kai kan dutsensa ya tsaya, yana haki, bakinsa har kunne.

"Kin gani? Na so sai ranar haihuwarki in nuna miki. Dess... kin ga yadda ta tashi?"

"Hamish, kai ne?"

"Ni da wa? Sati biyu ina jan bututun nan. Kin ce daga nan take shinshina, shi ya sa na..."

"Ka kashe ni."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai je ba.

Na faɗa masa komai, ba da daɗin baki ba. Na ce ba kore aka aiko ni nema ba, gaskiya aka aiko ni nema. In ƙasa na mutuwa, aikina in ce tana mutuwa. Na ce yanzu haka akwai mutane a Canberra da suka ɗauki lambun da ya yi mini suka shafa shi a kan filin da jirginsa ba zai ƙetare a yini ɗaya ba. Na ce na rubuta da sunana cewa saiwar ciyawa ce ta yi abin al'ajabi, ashe rijiya ta tara ce.

"Kin yi kuka," ya ce a hankali. "Kin ce za su ɗauke ki. Mu a nan in abu na jin ƙishi ba ma tsayawa kallonsa."

"Ni kuwa kallonsa ne aikina! Shekara uku kana tsaye a kan dutsen nan, ashe ba ka taɓa jin abin da nake faɗa ba?"

"Na ji. Cewa kika yi kada a sa hayaƙi. Ba ki ce ruwa ba."

Da a ce ba ni abin ya sama ba, da na yi dariya har na faɗi. A lokacin kuwa sandata na ɗaga na nuna shi da ita, na ce kada ya sake kirana, kada ya sake zuwa kusa da hasumiyata. Ya cire hula kamar ranar farko, ya riƙe ta a ƙirji.

"Rabin raina..."

"Kada ka ƙara."

Hanyar fita ta gaban gidansu take bi. Misis Kinnear na baranda, ta tsai da ni da hannu, ta taho har gefen mota. Ashe ta ji komai ta rediyon da ke rataye a ƙugun Hamish, don bai kashe ba.

"Mai awon iska," ta ce, "wata uku yarona na kwasar ruwan shanuna yana zuba miki, ban ce uffan ba. Tukuicin ke nan?"

"Ai ban roƙe shi ba, Misis Kinnear."

"Haka ne. Irinku ba ku roƙo, kuka kuke yi a waya."

Na taka mota na bar ta cikin ƙura. Na yi kuka daga nan har garin Katherine, kuma rabin kukan haushin gaskiyarta ne.

A Darwin Mama ta tarbe ni da burodin alayyafo da cuku da "ai na faɗa miki" guda ɗari. Ta karanta wasiƙar Tobias da tabarau a kan hanci, ta ce ga yaro mai hankali, mai albashi, mai guga a riga. Ta kawo biro ta ajiye kusa da farantina. Ta ce shekara tara na karatu ba za su tafi a bututun makiyayi ba, in sa hannu in huta.

Ranar Alhamis na yini da wasiƙar nan a gabana. Ba zan yi muku ƙarya ba, na cire murfin biron. Ina son aikina, na sha wuya kafin a fara kiran sunana a ɗakin da maza masu furfura ke zaune. Amma duk sanda idona ya kai kan kalmar "da gangan", sai in ga Hamish cikin rana yana jan bututu sati biyu, yana huda shi ɗaya bayan ɗaya, yana murna. Wauta ya yi, wauta mai lasisi. Mugunta kuwa ko ƙwayar zarra babu. Sannan wa ya bar kyamara a lalace wata uku? Wa ya ga abin mamaki ya hau rubutu bai ce a ɗauko masa hoto da waya ba? Sau nawa yana tsaye a gindin hasumiyar muna hira a waya, ban taɓa cewa "Hamish, me kake gani?" ba. Na ji daɗin labarin ne, na ƙi tambaya.

Ni da nake masa ihu a kan gaskiya, zan wanke kaina da ƙarya?

Na mai da murfin biron. Na duba wayata ya fi sau hamsin, bai kira ba. Na ce masa kada ya kira, amma haba, wane irin namiji ne ake ce masa kada ya kira ya ƙi kira?

Ranar Juma'a ɗakin taro ya cika maƙil. Farfesa Marchetti, shugabarmu, tana gaba. Tobias na gefenta yana mini alama da ido, ina wasiƙa? Na wuce shi na hau mumbari.

Na haska hoton koren a bango, ƙato.

"Abin da na aiko muku wata uku ba daidai ba ne," na ce. "Ciyawar Barkly ba ta yi abin al'ajabi ba. Ruwa aka ba ta."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Na ci gaba kafin zuciyata ta karaya. Na ce a cire alƙalumana daga lissafin ƙasa tun daga ƙarshen Yuni. Na ce wanda ya yi ban ruwan mutum ne da ya ji ina kuka ya yi abin da ya iya, ban taɓa yi masa bayanin da ya kamata ba, kuma bai ɓoye wa kowa ba, bututunsa na nan a fili ko makaho zai yi tuntuɓe da shi. Na ce laifin na wadda ta yi wata huɗu ba ta ga filinta ba ta hau shela.

Tobias ya miƙe. Ya ce Dakta Zaroulis tana rufa wa wani asiri ne saboda dalilan da kowa ya sani, kuma tunda ba wanda ya san yawan ruwan da aka zuba ko ranakun da aka zuba shi, duk abin da hasumiyar ta rubuta bana shara ne, a rufe ta kawai.

"Ƙarya kake, ɗan nan."

Daga can baya muryar ta fito. Kowa ya juya.

Misis Noeline Kinnear ce, da hular kiwo da takalmin shiga garke, ta taso tana ratsa kujeru kamar tana ratsa 'yan maruƙa. Littafin nan mai baƙin bango na hammatarta, igiyarsa na reto. 

Ta dube shi. "Kai ne Tobias? Kai ka kira gidana shekaranjiya ka ce yarinyar nan ta sa hannu a kai ɗana kotu, ta kuma tattara kayanta za ta bi ka Canberra?"

Fuskar Tobias ta yi ja har kunnuwa. Farfesa ta juya ta zuba masa ido, irin kallon da ba ya bukatar magana.

Wayyo, ashe shi ya sa Hamish bai kira ba!

Misis Kinnear ta dire littafin a kan tebur. Ta ce ita faɗa ta zo yi, tun jiya take tuƙi tana shirya zagin da za ta yi mini a gaban manyana, ga shi na hana ta. Ta lashi yatsa ta buɗe shafi.

"Ashirin ga Yuni. Ruwa: babu. Rijiya ta tara, awa shida, filin hasumiya. Ashirin da uku, awa huɗu. In ci gaba? Na san abin da famfon nan ke turowa a awa ɗaya fiye da yadda na san shekaruna. Ba a taɓa ɗiban ɗigo a Glenarrow ban rubuta ba, ko ɗana ne ya ɗiba."

Farfesa Marchetti ta jawo littafin, ta sa tabarau, ta yi ta buɗe shafuka. Can ta ɗago ta tambaye ni ko na'urata na rubuta inda iska ta fito. Na ce kowane rabin awa. Sai na gane inda ta dosa. In iska ta biyo ta kan kore, ga numfashin ƙasar da ta sha ruwa. In ta karkata ta biyo ta kan busasshe, ga na wadda ba ta sha ba. Ga kuma ranaku da awo a rubuce da hannun tsohuwa. Shekara da shekaru masu lissafi na cankar yadda ciyawar nan ke farfaɗowa in ta sami ruwa, ba wanda ya taɓa gwadawa, don ba mai hankalin da zai ja bututu zuwa tsakiyar Barkly.

"Abin da kika rubuta dai ya mutu," in ji Farfesa. "Za ki janye shi da hannunki, kuma za a daɗe ana miki dariya."

"Na sani, Farfesa."

"Hasumiyar kuwa tana nan. Misis Kinnear, za ki ba mu aron littafin nan?"

"A'a. Ku kwafa ina tsaye."

A bakin ƙofa Mama ta tare mu, ashe ta biyo ni ta laɓe a kujerar ƙarshe. Matan nan biyu suka tsaya suna auna juna. Mama ce ta fara magana, ta ce ɗanki ya kusa kashe mini 'ya. Misis Kinnear ta ce 'yarki ta hana ɗana cin abinci kwana uku. A duniyar Mama babu masifar da ta kai wannan. Ta buɗe jaka ta ciro ƙunshin burodin alayyafo ta danƙa mata, ta ce a kai masa, kuma a gaya masa in ya sake sa Despina kuka da kanta za ta zo.

Na tambayi Misis Kinnear ina Hamish yake.

"Ina kika bar shi?" ta ce. "Shiga mota, mai awon iska. Ni zan tuƙa, tuƙinki na 'yan birni ne."

Da yammacin Asabar muka isa. An naɗe bututun an jingine a jikin shinge, koren ya fara komawa rawaya daga baki-baki. Yana zaune a kan dutsensa, ya juya wa hanya baya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Uwarsa ta sauke ni ta ja mota ta tafi.

Ya ji ƙarar sandata ya miƙe zumbur.

"Dess... an ce kin tafi."

"An ce, an ce. Ba ka da waya ne?"

"Kin ce kada in kira."

"Yau ka fara jin maganata?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya rufe ruwan tun ranar. Ya ce kwana huɗu yana zaune yana kallon ciyawar na bushewa, hannunsa na ƙaiƙayi, bai taɓa famfo ba, kuma bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Ya ce yanzu ya gane abin da nake yi shekara uku.

Nan na ji duk sauran fushina ya zube. Ina son mutumin nan, ina son shi har cikin ƙashina, da wautarsa da komai.

"Hamish, daga yau in na yi kuka a waya, me za ka yi?"

"In tambaye ki kafin in ja bututu."

"To zo nan."

Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi inda nake tsaye. Ashe garin sauri ta kudu maso gabas na biyo, ina tsakiyar inda na hana kowa tsayawa.

"Gefen da ba a tsayawa ne fa, masoyiyata."

"Na sani. Zan rubuta cewa ni ce."

Ya sauko daga dutsen da gudu ya ɗaga ni sama, sandata ta yi nata wuri. Yana dariya, ina kuka, ina dukan kafaɗarsa ina ce masa ƙafata, ƙafata! Da ya dire ni sai ya durƙusa cikin ciyawar da ta kusa raba mu, ya ce ba shi da zobe a aljihu, ba shi da dogon zance, amma in zan zauna a inda ko kifi ba a sayarwa, shi zai riƙa tuƙi har Darwin yana sayo mini.

Na ce na yarda tun kafin ya rufe baki.

Washegari da safe na fito baranda da kofin shayi. Misis Kinnear ta riga ta leƙa ma'auninta ta wuce wurin dawakai. Littafin na rataye a ƙusarsa, a buɗe, iska na kaɗa shafin. Ba leƙen asiri na yi niyya ba, idona ne ya faɗa kan layin jiya.

"Ruwa: babu. Despina ta dawo gida."

Na ajiye kofin a kan dakali, na sake karanta layin.